Ƙwayar Domino a Ƙofar Baya

Sufeto Midhat Shukri ya makara a safiyar nan, don haka ya yi abin da kowane ɗan Iskandariyya yake yi idan ya makara. Ya tsaya a kwanar kasuwar kifi inda tiram, ɗan jirgin ƙasan cikin gari, ke rage gudu, ya bi shi da sassarfa, ya cafki ƙarfen ƙofar baya da ke wangale, ya haye. Kwandasta ya tare shi da kafaɗa yana dariya.

"Sannu, ya Basha, ranka ya daɗe. Ƙafar nan har yanzu ta saurayi ce."

"Allah ya saka da alheri," in ji Midhat yana haki. Har da dafa masa kafaɗa.

Bai gama shan shayinsa a ofis ba aka bugo waya. Wani tiram ɗin daban ya ja wata mata a tashar asibitin haihuwa.

Ya tarar da taragon tsaye a tsakiyar titi, tsoho mai launin ruwan ƙwai, irin waɗanda suka girme shi. A gefen layin dogo an rufe gawar da jaridu. Wata tukunya ta kife kusa da ita, romon kaza ya bi ƙarfen layin, kuliyoyin unguwa sun riga 'yan sanda zuwa.

Saje Abdul-Ati ya sara masa, yana share gumi da hularsa.

"Sunanta Sitt Zinat, ya Basha. Tana saukowa ta ƙofar baya tarago ya tashi. Ƙafa ɗaya a ƙasa, ɗaya a matakala."

"'Yan uwanta fa?"

"Ga mijin can. Amm Fikri. Shi ma kwandasta ne a kamfanin. Da ya iso ya faɗa wa ƙofar nan ya rungume ta yana kuka, da ƙyar muka ɓamɓare shi."

Dattijon yana zaune a bakin titi, siriri, furfura ta cinye masa kai. Midhat ya durƙusa ya miƙa masa hannu.

"Allah ya ji ƙanta, Amm Fikri. Ya ba ka haƙuri."

Sai dattijon ya miƙo hagu. Hannun daman yana dunƙule a ƙirjinsa. Midhat ya karɓa haka nan, don wanda matarsa ke kwance ƙarƙashin jarida ba a yi masa karatun dama da hagu.

"A wannan taragon kake aiki?"

"A'a. An daɗe da mayar da ni layin Anfushi."

Midhat bai ƙara masa tambaya ba. Tausayi ya sa ya ƙyale shi.

Direban yana zaune a matakalar gaba, ya zuba hannuwa a gwiwa. Usta Hilmi sunansa, ƙato mai farin gashin baki. Tun kafin a tambaye shi ya yi magana.

"Ni ne, ya Basha. Ƙofa ta rufe ta kama bakin mayafinta. Ban duba madubi ba, na ja. Ka rubuta haka."

"Ni nake tambaya ko kai?"

"Ka rubuta haka kawai."

Saje ya ja hannun rigar Midhat zuwa gefe.

"Wallahi da na iso ba haka ya ce ba. Rantsuwa yake yi yana ƙarawa, wai fitilar ƙofa ta kama kafin ya ja. Sai da mijin ya zo ya yi kukan nan, shi ne ya canza baki."

Midhat ya koma ya ɗaga gefen jarida, ya bi bakin baƙin mayafin da yatsa. Babu yagewa, babu baƙin man ƙofa. Ya miƙe ya ce wa direban ya hau ya buɗe ƙofar baya, sannan ya gwada tafiya.

Usta Hilmi ya hau. Ƙofa ta buɗe da huci. Ya murɗa hannun tuƙi. Taragon ya yi gurnani, ya yi tsaki ta ƙasa, amma ko gezau.

"Ka gani," in ji direban ba tare da ya waiwayo ba. "Da ƙofa a buɗe ba ya tafiya. Lafiyarsa ƙalau. Ni ne ba ni da lafiya."

Shugaban ofis bai ga abin wahala a maganar ba. Yana ɓare gyaɗa ya saurari Midhat da rabin kunne.

"Mutum ya ce shi ne, kai kuma kana neman wanda zai ce ba shi ba ne? Gobe kafin a tashi aiki mota za ta kai shi gaban mai gabatar da ƙara. Ka haɗa takardunka."

Midhat ya san ma'anar hakan. Direban da ya amsa da bakinsa cewa ya ja tarago bai duba ba, kurkuku ne ke jiransa, kuma a shekarun Usta Hilmi ba kowa ke fitowa da ƙafarsa ba. Shi da kansa ya sa hannu aka tura direban bayan kanta, kuma tun lokacin abin bai kwanta masa ba.

An ja taragon zuwa gareji da azahar. Can Midhat ya samu Injiniya Nabila, mace mai tabarau da ɗan guntun haƙuri, wadda duk birki da ƙofofin garejin ke hannunta.

"Ki yi min bayani kamar kina yi wa ɗan sanda," in ji shi.

"Haka zan yi dama." Ta hau matakalar baya ta buga rufin ƙofar da tafin hannu. "Komai a nan da iska yake aiki. Akwai tanki a ƙasa. Iskar nan ce ke tura ƙofa, ita ce ke matse birki. Muddin ƙofa a buɗe take, birki na riƙe da ƙafafun, ko direba zai murɗa hannunsa ya karye."

"Ta yaya tarago yake sanin ƙofa ta rufe?"

Ta ɗaga wani murfin kwano a saman ƙofar. A ciki akwai ɗan maɓallin tagulla, bai fi kan yatsa ba.

"Idan ƙofa ta rufu ruf, sai ta danne wannan. Ya dannu, birki ya saki, fitila ta kama a gaban direba."

"Fitila nawa ce?"

"Ɗaya ce ga ƙofofin biyu. Sai dukansu sun rufe take kamawa."

"To idan wani abu ya danne maɓallin nan alhali ƙofar tana buɗe?"

Ta gyara tabarau. "Ba ya faruwa."

"Ban ce yana faruwa ba. Na ce idan."

"Idan," ta ce a hankali, "to direba zai rufe ta gaba da ke kusa da shi, fitila ta kama, ya ja. Ta baya tsohuwa ce, tana da nawa. Tana iya kasancewa a buɗe shi bai sani ba. Amma a garejina doka ta hana a taɓa murfin nan."

Midhat ya dubi murfin. Ko'ina a taragon tsatsa ce da ƙura, amma bakin murfin nan sai sheƙi yake, kamar mariƙin ƙofar masallaci. Ya zura yatsa bayan maɓallin ya lalubo. Wani abu ya maƙale masa a farce. Ɗan ɓarɓashi ne fari, mai santsi, da rabin baƙin ɗigo a jikinsa.

Ya ɗora shi a tafin hannu. Injiniyar ta kalla, ta kau da kai.

"Wane kwandasta ne ya riƙe taragon nan jiya da yamma?"

"Sunan da ke allo daban, wanda ke kan layi daban. Musanya suke yi a tsakaninsu kamar masu aron tsintsiya." Sannan ta ƙara da murya ƙasa-ƙasa. "Na sha cewa zan sa a yi wa murafen nan walda. Kullum sai in ce bari zafi ya wuce tukuna."

"Ina suke zama bayan aiki?"

"Gidan shayin Dassuƙi, bayan gareji. Kar ka ce ni na aiko ka."

Tun daga bakin titi ake jin ƙarar. Tas! Tas! Ma'aikatan tiram ne ke buga ƙwayoyin domino a kan tebur kamar masu fushi da katako. Da Midhat ya shigo, hannuwa suka tsaya a sama.

Mu'allim Dassuƙi, mai gidan, ya taso da murmushin da ake yi wa ɗan sanda da mai karɓar haraji.

"Haske ya shigo mana! Shayi ko gahawa, ya Basha?"

"Domino."

Aka kawo akwati. Midhat ya zazzage ƙwayoyin, fararen 'yan allunan nan masu baƙaƙen ɗigo, ya baza su. A cikinsu har da guntun kwali da aka yi wa ɗigo da biro.

"Wannan fa?"

"Kai dai bari, ya Basha. Babu akwatin da ke cika a gidan nan. In saya yau, gobe an yi masa giɓi. Ko ɓera ne ke haɗiye su, oho."

"Ɓera mai hula da jakar tikiti," wani ya faɗa daga baya. Aka yi 'yar dariya, ta mutu nan take.

Midhat ya hango Ramzi, kwandastan da ke kan taragon da safe, ya lafe a lungu yana juya shayin da ya daɗe da hucewa. Ya ja kujera ya zauna gabansa.

"Ina kake lokacin da ta faɗi?"

"Ina gaba, ina yankar tikiti. Na faɗa wa Saje."

"Ka taɓa sa wani abu a maɓallin ƙofa?"

"Ni? Ban ma san akwai maɓalli ba."

"Gashin kanka ya ƙare a aikin nan, ba ka san akwai maɓalli ba?" Midhat ya ajiye ɓarɓashin a kan tebur, kusa da ƙwayar domino. Launi ɗaya, ɗigo ɗaya. "Usta Hilmi yana kwance a kan siminti. Gobe za a wuce da shi. Ka sake gaya min ba ka sani ba."

Ramzi ya dubi abokansa. Kowa ya samu abin kallo a ƙasa. Sai ya sunkuya, ya zura hannu cikin safarsa, ya fito da ƙwayar domino ya ajiye. Lafiyayya ce, ba ta guntule ko'ina ba.

"Kowa yana da tasa," ya ce. "Ranar da ka fara aiki manya ke ba ka, a nan teburin. Ita ce daidai ramin, kamar don shi aka yi ta. Ka san zafin taragon nan da rani, ya Basha? Tanderu ne. Ka rufe ƙofa mata su fara suma. Ga masu hawa a kwana, ga tsofaffin da gidansu ke tsakanin tasha da tasha. Ka hana su, su zage ka har kakanka. Ka bar musu, su sa maka albarka."

Albarkar da Midhat ya sa wa wani kwandasta da safe ta dawo masa a kunne.

"Amma akwai ƙa'ida," in ji Ramzi. "Wanda ya sa, shi ke tsayawa a bakin ƙofar, ba ya matsawa. Kuma in zai sauka aiki sai ya cire abarsa. Ni yau ban sa ba, shi ya sa na tafi gaba hankalina kwance. Da na ɗaga murfin nan da safe na duba..." "Hannu kawai zan ɗaga, ya Basha. Ban ɗaga ba."

"Wa ya riƙe taragon jiya da yamma?"

"Ban sani ba."

"Ramzi."

"Ka kulle ni tare da Usta in ka ga dama. Ban sani ba."

Midhat ya bi fuskokin da ke wurin ɗaya bayan ɗaya. Ya saba ganin tsoro a idon mutane, ya san kamanninsa. Wannan ba tsoro ba ne. Kowa a wurin kamar shi ne ya yi.

Washegari da hantsi ya nufi unguwar marigayiyar. An rufe ta tun jiya, ma'aikata suna kafa rumfar zaman makoki a bakin lungu. Gidan yana daidai wata kwana da layin dogo ya lanƙwashe, inda dole kowane tarago ya yi tafiyar hawainiya.

A ƙasan gidan akwai shagon mai guga, Milad, yana fesa ruwa da baki a kan wata farar riga.

"Ka san Sitt Zinat?"

"Wa bai san ta ba? Agogon unguwar nan ce. In ka ga ta sauko da kwanon abinci, to magariba ta kusa."

"Ina take kai abincin?"

Milad ya nuna kwanar da dutsen guga. "Nan. Tana tsayawa a bakin layi, tiram ɗin mijinta ya zo yana rarrafe, shi yana tsaye a ƙofar baya, ta miƙa masa ya cafe. Tun ina yaron shago suke haka. Har tsokanarsu muke yi, mu ce amarya da ango. Ita kuma ta ce mana 'yan baƙin ciki."

"An ce an mayar da shi Anfushi."

"A takarda ba. Kullum sai ya samu wanda suka yi musanya. Amm Fikri ya ci abincin wani wuri? Ai sai ya kwanta asibiti."

Midhat ya matso. "Shekaranjiya fa?"

"Kai, shekaranjiya ai biki aka yi a kwanar nan. Ba kwano kaɗai ta kawo ba, da albishir ta zo. 'Yarsu Rasha ta haihu, bayan an daɗe ana jira har an fara fid da rai. Tana bin tarago da gudu tana guɗa, tana cewa, mace ce, ya Fikri, mace ce! Fasinjoji suka ɗau tafi. Shi kuwa har ya kusa faɗowa." Milad ya ajiye dutsen, ya goge ido da bayan hannu. "Romon da ta kwana tana dafawa, na mai jego ne. Ni na riƙe mata tukunyar ta hau."

Midhat ya yi godiya ya juya. Da son ransa ne, da bai zo ba.

A ɗakin tsarewa ya samu Usta Hilmi zaune a ƙasa, ya jingina da bango. Abincin da iyalinsa suka kawo yana nan ba a taɓa ba. Midhat ya sallami mai gadi, ya tsuguna a gabansa.

"Fitila ta kama, ya Usta."

"Ban duba madubi ba."

"Ta kama. Kuma ka ga lokacin da Amm Fikri ya rungume ƙofar. Ka ga inda hannunsa ya tafi."

Dattijon ya rufe ido.

"Tare aka ɗauke mu aiki," ya ce daga baya. "Ni na raka shi neman aurenta. Ni na ba shi aron kwat ɗin da ya sa." Ya buɗe ido. "Ka ga, ya Basha, ni yarana sun girma. In na shiga, za a ce tsautsayi ne ya samu direba, a kawo min abinci ranar Juma'a. Shi in ya shiga, me za a gaya wa Rasha? A ce ubanki ne? Tana kwance da ɗinki, da jaririya a hannu?"

"Kai kuma ka mutu a kurkuku?"

"Hannuna ne ya murɗa tuƙin. Wannan ba ƙarya ba ce. Kuma madubin yana nan, da na kalla da na gan ta. Ko ka sake ni yau, ba ka sake ni ba." Ya kama hannun Midhat da nasa biyu. "Don darajar iyayenka, ka rubuta yadda na ce. Wa zai sani?"

Midhat ya zare hannunsa a hankali. Abin da ya fi ba shi kunya shi ne, ya yi tunanin. Takardun suna kan teburinsa a haɗe, sa hannu kawai suke jira, shugaban ofis zai ji daɗi, garejin gaba ɗaya zai sa masa albarka. Ya zauna a gabansu har aka kira la'asar. Da motar kai masu laifi ta shigo harabar ofis, ya leƙa ta taga ya ce wa Saje Abdul-Ati ya tsayar da ita, kar a fito da kowa sai ya dawo.

Rumfar makoki ta cika. Mai karatu yana jan aya a lasifika, ana zagayawa da gahawa marar sukari. Ma'aikatan tiram sun cika layin gaba da kakinsu. Da suka ga Midhat, Ramzi ya sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa ƙirji.

Amm Fikri yana tsaye a bakin rumfa yana karɓar gaisuwa. Da hagu.

Midhat ya bi layi kamar kowa. Da ya iso gabansa, ya miƙa dama, ya bar ta a miƙe.

"Ba ni ɗayan, Amm Fikri."

"Ciwo yake yi."

"Na sani. Ba ni."

Dattijon ya dube shi, ya dubi abokan aikinsa. Babu wanda ya ɗago. Sai ya ce, "Ba a nan ba," ya yi gaba zuwa bayan rumfa, inda aka jibge kujerun da suka rage. Midhat ya bi shi.

Yatsun sun ƙi buɗuwa, sai da ya sa ɗayan hannun ya ɓamɓare su. Ƙwayar tana kwance a tafinsa, ta yi rawaya don tsufa, kusurwa ɗaya a guntule. Ta huda fatar, jini ya bushe a kewayenta. Midhat ya fito da ɓarɓashin daga aljihu ya kara. Rabin ɗigon ya haɗu da ɗan uwansa.

"Ban taɓa mantawa ba," in ji Amm Fikri. Muryarsa a bushe take, kamar mai ba da rahoto. "Tun da na fara aiki. Ko zazzaɓi nake yi sai na cire. Ranar nan muna shiga gareji na diro, ko jakar tikiti ban miƙa da kaina ba, na ruga asibiti. Na ɗauki yarinyar, na yi mata kiran salla a kunne. Na kwana ina dariya ni kaɗai. Ko sau ɗaya ƙofar nan ba ta faɗo min a rai ba."

"Da safe fa?"

"Ta ce in raka ta. Na ce ƙafafuna sun gaji, ta yi gaba zan biyo ta. Ta ce to za ta jira namu. Haka take kiran taragon nan, namu. Ta bar tarago biyu suka wuce, don ta hau shi." "Da aka kira ni na zo na ga ƙofar a buɗe, na san kome. Ban san lokacin da hannuna ya ɗaga murfin ba. Wallahi ban yi shawara ba. Matata na kwance a ƙasa, hannuna yana can yana ɓoye ni."

"Ka ji abin da Usta Hilmi ya faɗa."

"Na ji. Ina zaune a bakin titi na ji shi." A nan ne muryar ta karye. "Ya kalle ni, ya Basha, sannan ya ce shi ne. Ni kuma na yi shiru. Kowa ya zo ya ce min Allah ya ba ka haƙuri, Allah ya isar maka. Ina amsawa da amin."

Ya zauna a kan wata kujera, kafaɗunsa suna rawa. Midhat ya tsaya a kansa. Ya sha kama ɓarayi da masu kisa, kuma yakan ji wani sanyi a rai idan magana ta fito. Yau babu abin da ya ji sai nauyi.

"Dole mu tafi, Amm Fikri. Mota tana jiran mutum ɗaya, kuma ba Usta Hilmi ba ne."

"Na sani. Da ba ka zo ba, ban san ko zan iya zuwa da ƙafata ba. Gara da ka zo." Ya share fuska da hannun riga. "Rasha ta aiko ɗazu. Wai sunan uwarta za ta sa wa yarinyar. Wai in je in sa albarka."

Midhat ya ciro ankwa, ya dube ta, ya mayar aljihu. Ya riƙe dattijon a gwiwar hannu kamar mai raka marar lafiya.

Suka fito ta gefen rumfa. Mai karatu bai tsaya ba, amma layin gaba gaba ɗaya ya miƙe tsaye. Milad mai guga ya fito ƙofar shagonsa da riga a hannu, ya tsaya baki buɗe.

Suna isa kwanar sai ga tiram ya taho yana rarrafe, ƙafafunsa suna kuka a kan ƙarfe. Suka dakata ya wuce. Ƙofar baya a wangale take, wani kwandasta yana tsaye a bakinta yana shan iska. Midhat ya gane shi, shi ne wanda ya tare shi jiya a kasuwar kifi. Shi ma ya gane Midhat, fuskarsa ta washe.

"Hau, ya Basha! Ƙafar saurayi!"

Amm Fikri ya fizge hannunsa. Ya bi taragon da gudun tsufa, yana tuntuɓe a kan duwatsun layi, yana ɗaga tafin nan mai jini.

"Cire ta!" yake ihu. "Cire ta, ɗana! Don Allah cire ta!"

Taragon ya gama kwana ya ƙara gudu. Kwandastan ya leƙo yana ɗaga musu hannu, bai ji ba.

Midhat ya iso ya ɗago dattijon daga inda ya durƙushe, ya kakkaɓe masa gwiwa. Suka kama hanyar ofis da ƙafa.